Nauyin kunne: Ciwon da ke tashin dattawan Gafasa daga majalisa

A bakin Bahaushe, "ba ya ji" zargi ne kafin ya zama bayanin ciwo. Yaron da aka hana ya ƙi hanuwa shi ne ba ya ji, shi ne mai kunnen ƙashi. Shi ya sa idan abin ya zo kan dattijo sai a sassauta harshe, a ce kunnensa ya yi nauyi, nan take kuma wani ya ƙara da cewa ai tsufa ne. Daga nan maganar ta mutu. Ba wanda zai ce a kai shi a duba, domin ba a kai tsufa asibiti.

Wannan "ai tsufa ne" tana cin dattawa da yawa a ƙauyukanmu na Kano, kuma tana cinsu ne ta inda ba a zato.

A ɗauki Gafasa, ɗaya daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya. Mutanen birni sun fi sanin sunan ta dalilin Abdul'aziz Garba Gafasa, wanda ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano har sau biyu. Amma garin kansa na manoma ne, masu gero da dawa da gyaɗa da wake. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum 174,137, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. A irin wannan gari, darajar dattijo ba a takarda take ba. A kunnensa da bakinsa take. Shi ne ya ji lokacin da aka yanka iyakar gona, shi ne ya ji sadakin da aka ambata, shi ake kawo wa ƙarar ma'aurata da ta 'yan'uwa ya saurara ya raba gardama. Labarin da ake bayarwa cewa maƙeran da suka fara zama a Dala daga Gaya suka taso, ai kunne ne ya riƙe shi ƙarni bayan ƙarni kafin alƙalami ya same shi. Da gaskiyar masu cewa kunne ya girmi kaka.

To, me ya rage wa kakan idan kunnen ya tafi?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 25 cikin 100 na mutanen da suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ya kai matakin hana su gudanar da al'amuransu yadda suka saba. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan sahun farko na kowane masallacin Juma'a a Ajingi ko Gaya, to a cikin dattawa takwas, biyu ba sa kama huɗubar da ake yi musu. A rahoton da hukumar ta fitar ranar 3 ga Maris, 2021, ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke buƙatar kulawa saboda raunin ji, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan larura a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Yana jin murya, ba ya kama magana

Abin da ke rikitar da iyalai shi ne tsohon ba kurma ba ne. Yana jin ƙarar babur, yana jin an buga ƙofa, wani lokaci ma ya ce an cika masa kunne da hayaniya. Sai a ce ai abin da ya ga dama yake ji.

Ba haka ba ne. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma waɗanda ke fara mutuwa da shekaru su ne masu kama siririn sauti. A magana, siraran sautuka su ne irin su "s" da "sh" da "ts" da "f". Wasulan suna isa kunne lafiya lau, baƙaƙen ne ke zubewa a hanya. Don haka fara da sara da shara da tsara duk sai su zo wa tsoho da kama ɗaya. A kasuwa kuwa, sittin da tis'in ba su da nisa a kunnensa, alhali a aljihu suna da nisa.

Wannan ne ya sa ya fi wahala da muryar mata da ta yara, wato matarsa da 'ya'yansa mata da jikokinsa, mutanen da ya fi kwana da tashi da su. Shi ya sa kuma zai iya hira da mutum ɗaya a ɗaki, amma a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, inda kowa ke magana, ya koma ɗan kallo.

Ladabin da ya zama shinge

A nan ne al'adarmu ta shigo, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Duk abin da aka koya wa ɗan Bahaushe na girmama babba, shi ne daidai abin da ke hana mai nauyin kunne fahimtar magana. An ce a durƙusa, a sunkuyar da kai, a yi ƙasa da murya, kada a kalli tsabar idonsa. Suruka za ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gaida Baba da muryar da mai lafiyar kunne ma sai ya kasa kunne. Shi kuwa Baban, abin da yake buƙata shi ne ya ga fuska, ya ga motsin leɓe, a cikin haske, daga kusa.

Ɗaga murya kuma ba dama. Wanda aka jiyo yana ɗaga wa mahaifinsa murya, ko da cewa yake yi abinci ya sauka, maƙwabta za su ɗauka rashin kunya yake yi. Kowane ɗan makarantar allo ya san Alƙur'ani ya hana yi wa iyaye tsawa. Saboda haka ɗa nagari, bayan ya maimaita magana sau biyu, sai ya zaɓi abin da ya ga ya fi ladabi, ya ce: "Ba komai Baba, bar shi kawai."

Wannan "bar shi kawai" ta fi tsawar ciwo. Ma'anarta ita ce an yanke shawarar ci gaba ba tare da shi ba. Yau a kan cefane ne, gobe a kan wanda za a ba jikarsa, jibi a kan sayar da gona. Ba wanda ya ƙulla masa sharri, kowa yana ganin sauƙaƙa masa yake yi. Amma a cikin shekara biyu ko uku, mutumin da ba a yanke komai sai da shi ya koma wanda ake sanar wa bayan an gama, in ma an tuna.

Shi ma yana da tasa kunyar. Dattijo ba ya son ya yi ta cewa "na'am?" ko "me ka ce?" a gaban yara. Sai ya koyi gyaɗa kai da murmushi da "to, madalla". Wata rana ya amsa da madalla a inda ake ba shi labarin rasuwa, a yi dariya a ɓoye, ya gane. Daga ranar zai fara rage zama a majalisa. Ya riƙa sallame salla yana wucewa gida. A masallacin ma hankalinsa ba kwance yake ba, domin idan ya yi sujada ba ya jin kabbarar liman, sai ya dogara da motsin na kusa da shi. Rediyon da ya rayu da ita, tun daga labaran BBC na asuba har shirye-shiryen Rediyon Kano da Freedom, sai ya ƙure mata murya har a yi ƙorafi, daga baya ya ajiye ta.

Na tsofaffin mata ya fi ɓoyuwa, domin su dama a cikin gida suke. Tsohuwa tana zaune a tsakar gida, ta ga matan 'ya'yanta suna magana suna dariya, ba ta ji abin da aka ce ba. Zuciya kuwa ba ta barin gurbi, sai ta cike shi da zato. Rigingimu nawa ne na uwar miji da suruka aka kai gaban mai unguwa, aka yi ta wa'azin haƙuri, alhali da an leƙa kunnen Inna da an ga bakin zaren?

Ga kuma waya. Samarin wannan yanki da yawa suna cirani a Legas da Abuja da Fatakwal, waya ce igiyar da ta haɗa su da gida. Tsohon da ba ya ji a waya dole ya miƙa wa wani yaro ya karɓar masa saƙo. Nawa aka turo, wa aka ce a ba, me aka ce kada a faɗa wa kowa, duk sai sun bi ta kunnen wani. Haka a asibiti: ma'aikacin lafiya ya yi bayanin magani da sauri, kansa a sunkuye yana rubutu, tsoho ya ce to, ya koma gida yana shan na safe da dare.

Ba a zuciya kaɗai abin ya tsaya ba

Da a ce kaɗaici ne kawai, da ya isa dalilin tashi tsaye. Amma bincike ya nuna abin ya wuce nan. A 2011, Farfesa Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bibiyar ɗaruruwan mutane na tsawon shekaru fiye da 10. Sun gano cewa haɗarin kamuwa da cutar mantuwa, wadda mu kan kira gigin tsufa, ya kusa ninkawa biyu ga mai ƙaramin raunin ji, uku ga matsakaici, kusan biyar ga mai tsanani. Shekara guda bayan nan, wani binciken nasu ya danganta raunin ji da yawan faɗuwa. Faɗuwar tsoho kuwa, kowa ya san sau da yawa daga karayar ƙugu sai kwanciya.

Kwamitin masana na mujallar Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da ake iya magancewa masu taimaka wa cutar mantuwa, ya sa raunin ji cikin mafiya girma, da kimanin kashi 7 cikin 100 na masu cutar a duniya. Bayanin da masana ke bayarwa mai sauƙin ganewa ne: ƙwaƙwalwar da ta wuni tana fafutukar haɗa guntayen kalmomi ba ta da sauran ƙarfin adana su, wadda kuma aka daina yi wa magana tana rasa motsa jiki.

Kada a zuzuta abin fiye da yadda yake. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2023, an bi tsofaffi 977 masu shekara 70 zuwa 84 a Amurka na shekara uku, wasu da na'urar ƙara ji, wasu babu. A jimillarsu ba a ga bambanci ba. Sai a cikin rukunin da suka fi tsufa da yawan larurori aka ga dusashewar ƙwaƙwalwa ta ragu da kashi 48 cikin 100 ga masu na'urar. Wato na'ura ba rigakafin mantuwa ba ce ga kowa. Sai dai wannan rukuni na masu hawan jini da ciwon suga, ai shi ne ya fi kama da dattawanmu.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi muni. Tsohon da aka tambaye shi gabas ya amsa yamma, nan da nan a ce ya fara ruɗewa. Daga an ce ya ruɗe, shaidarsa ta faɗi, ra'ayinsa a kan dukiyarsa ya faɗi. Mutum da hankalinsa garau, a mayar da shi yaro saboda ba wanda ya gwada kunnensa.

Ba duka ne tsufa ba

Wani kaso na wannan nauyin kunne ba shekaru ne suka kawo shi ba. Dattin kunne da ya daskare ya toshe hanya yana da yawa ga tsofaffi, kuma ma'aikacin lafiyar da aka horar yana iya tausasa shi ya wanke cikin ɗan lokaci. Ƙwaƙular kunne da tsinke ko ashana ko gashin kaza tura shi ciki take ƙara yi, wani lokaci ta huda dodon kunne. Akwai ciwon kunne mai zubar da mugunya da mutum ya taso da shi tun yarinta, ana ta ɗiga masa mai da ruwan ganye. Akwai tabon sanƙarau, wanda Kano ba za ta manta annobarsa ta 1996 ba. Akwai allurai irin su jentamaisin da sitiraftomaisin, da kuma kwinin, waɗanda ke iya taɓa kunne idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, ga shi a ƙauye allurar kemis ba ta da wuyar samu. Sannan ga ƙara: wanda ya shekara 20 a gindin injin niƙa ko injin casa, ko a maƙera, ya fara biyan bashin tun kafin furfura.

Wanda kuma kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, a kwana ɗaya ko biyu, wannan ba na jira ba ne. Likita yake buƙata a cikin kwanakin, domin damar dawo da jin tana raguwa da kowane mako.

Ido yana da gata, kunne ba shi da shi

Idan idon tsoho ya yi yana, ko a Gafasa an san inda za a nufa: Asibitin Makka ko na ECWA a birnin Kano. 'Yan siyasa da ƙungiyoyi suna ɗaukar nauyin aikin ido kyauta, ana raba tabarau, ana ɗaukar hoto. Abu ne mai kyau. Amma yaushe rabon da a ji wani ya kawo gangamin duba kunne ƙauye? Wataƙila don wanda aka buɗe wa ido yana da daɗin nunawa a talabijin, wanda aka wanke wa kunne kuwa ba abin da kyamara za ta ɗauka.

Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana Kaduna. Daga Ajingi sai an bi ta Gaya da Wudil kafin a shiga birni, da kuɗin motar mutum biyu, domin tsoho ba ya tafiya shi kaɗai, da asarar wunin aiki. Ba magidancin da zai yi wannan ɗawainiya a kan abin da ya riga ya yarda tsufa ne. Ko a faɗin nahiyar ma haka abin yake: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 40 ke da raunin ji a yankin Afirka, kuma fiye da rabin ƙasashen ba su wuce likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan guda ba.

Jiran a samar da likitan kunne a kowace ƙaramar hukuma, jiran gawon shanu ne. Hukumar ta duniya da kanta ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na matsalolin kunne ana iya gano su a kuma magance su a matakin farko, har ta fitar da littafin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya a 2023. Kano tana da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Abin da ake nema daga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jihar bai taka kara ya karya ba: ma'aikaci ɗaya da aka horar a kowane irin wannan asibiti, da fitilar leƙa kunne, da kayan wankewa, da umarnin cewa duk wanda ya haura 60 ya zo awon hawan jini ko suga, a duba kunnensa kafin ya tashi. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ma tana tara dattawa duk shekara don gwajin lafiya kafin tafiya Makka. Ƙara minti biyar na kunne a ciki ba zai hana jirgi tashi ba, kuma maniyyacin da ba ya jin sanarwa a Mina shi ne ke ɓata.

Maganar na'urar ƙara ji ta fi wuya, kuma bai kamata a yi wa mutane romon baka ba. Ta ƙwarai, wadda aka saita daidai da kunnen mutum, kuɗinta na kaiwa dubban ɗaruruwan naira. Tana son batir ko caji, tana son gyara, ƙurar hunturu da gumin bazara ba sa raga mata. Masu arha da ake tallatawa a kasuwa da intanet, yawanci ƙara komai suke yi gaba ɗaya, har da hayaniyar, sai tsoho ya sa kwana biyu ya jefa a ƙarƙashin katifa. Ga kuma kunya, domin tabarau alamar ilimi ce a idon jama'a, abin kunne kuwa alamar naƙasa. Duk da haka akwai ƙofofin da doka ta riga ta buɗe. Dokar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka yi wa asusu na musamman. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da dokar 2017 ta kafa. Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ajingi da Gaya da Albasu suna da hurumin tambaya a zauren majalisa: a cikin abin da waɗannan tsare-tsare ke biya, ina gwajin ji, ina na'ura?

Masarautar Gaya da limamai kuwa, nasu aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mutane suna buƙatar su ji daga bakin da suka yarda da shi cewa fuskantar mahaifi, da kallon fuskarsa, da yi masa magana dalla-dalla, ba rashin ladabi ba ne. Ihu ma ba ya taimako, murguɗa kalmomi yake yi. Abin da ke aiki shi ne a fara kiran hankalinsa, a matso kusa ta gefen kunnen da ya fi ji, a zauna inda haske ke kan fuskar mai magana, a kashe rediyo. Idan bai kama ba a sauya kalma maimakon a yi ta nanata ɗaya. Idan maganar kuɗi ce ko magani, a nuna da yatsu, ko a rubuta masa da ajami in shi yake karantawa. Nuni da hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuramen Kano suna da maganar hannu tasu tun da daɗewa, kuma masu ji da yawa a kasuwa suna iya ta daidai gwargwado. A masallaci a bar masa wuri kusa da liman. A zaman sulhu ko rabon gado, a sa mutum ɗaya amintacce kusa da shi yana maimaita masa abin da aka ce, kuma kada a shafa fatiha sai an ji ta bakinsa.

Akwai ma gwajin da za a iya yi yau a zaure, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin jagoranta na kula da tsofaffi. A samu wuri shiru, mai gwajin ya tsaya a bayan dattijon da tazarar kamu ɗaya zuwa biyu, wato tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya da yatsa. Ya fitar da numfashi, sannan ya raɗa kalmomi huɗu na yau da gobe waɗanda ba su da alaƙa da juna, kamar kifi, tsani, sabulu, fartanya, dattijon yana maimaitawa. Sai a juya ɗaya kunnen da wasu kalmomin daban. Idan ya kasa kamawa, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, a leƙa a ga ko datti ne ya toshe, kafin a fara lissafin kuɗin motar Kano.